Lamba ɗaya a kati da waya da asusu: amsa ga wata 'yar kasuwar Wunti

Tambaya: Ina sayar da atamfofi da lesuka a kasuwar Wunti, nan Bauchi. Ina da POS a shago, ni ma da kati nake biya idan na je saro kaya ko cefane. Lamba ɗaya ce nake sa wa katin, da makullin wayata, da tura kuɗi, don ba na son rikicewa. Ɗana ya dame ni wai in canza. Ni kuwa tsorona yana kan POS ɗin mutane, don na ji ana cewa suna kwafe kati. In daina biya da kati ne in koma tsabar kuɗi? Kuma mene ne aibun lamba ɗaya tunda ba wanda ya san ta?

Hajiya, barka da kasuwa. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya hango abin da ya kamata. Kada ki daina biya da kati. Kin ɗora tsoronki a kan na'ura, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. A sashen katuna da koke-koken masu ajiya na yi aikin banki, kuma akasarin waɗanda suka zo gabanmu suna salati ba a taɓa kwafe musu kati ba. Lambar sirrinsu ce ta fita a wuri ɗaya, aka ɗauke ta aka yi musu ɓarna da ita a wani wurin.

Ɗauko katinki ki duba. A gabansa akwai ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya, wanda ake ce wa cif. A bayansa akwai baƙin ziri. Labarin kwafe kati da kika ji gaskiya ne, amma na baƙin zirin nan ne. Abin da ke rubuce a cikinsa ba ya canzawa, saboda haka na'urar da ta karanta shi sau ɗaya za ta iya zuba shi a kan wani katin a yi ta cirar kuɗi. Shi kuwa cif ƙaramar kwamfuta ce. Akwai sirrin da aka binne a cikinsa wanda ba ya fita ko ta yaya, kuma duk sanda kika cusa kati a POS yakan haɗa wata lamba ta wannan cinikin kaɗai, bankinki ya duba ya tabbatar. Wanda ya saci lambar cinikin yau ba abin da za ta tsinana masa gobe. Sunan tsarin EMV, daga kamfanonin da suka kafa shi, Europay da Mastercard da Visa, kuma katin Verve da yawancin mutanenmu ke riƙewa shi ma a kansa yake. Bankunan Najeriya sun koma wannan tsari tun wajen 2010. A wannan kam mun riga Amurka, domin su sai daga Oktoban 2015 suka shiga gadan-gadan.

Jinkirin nasu ya ja musu. A ƙarshen 2013 masu kutse suka shiga kwamfutocin Target, wani babban kamfanin kantuna a Amurka, suka dasa muguwar manhaja a na'urorin karɓar kuɗi, suka kwashi bayanan katuna kimanin miliyan 40 cikin ƙasa da mako uku. A 2014 aka yi wa Home Depot irin haka, katuna wajen miliyan 56. Bayanan baƙin ziri aka kwasa, shi ya sa suka yi kasuwa a hannun ɓarayi. Ki lura da ƙofar da aka bi: a duka biyun da sunan shiga da kalmar sirrin ɗan kwangila aka kutsa. Na Target ma kamfanin da ke kula musu da na'urorin sanyaya wuri ne.

Lambar sirrin da kike dannawa a POS na ƙwarai, a cikin madannin ake rikita ta kafin ta fita. Mai shago ba ya ganinta a fuskar na'ura, ba ta fitowa a rasit, hatta lambar katin sai farko da ƙarshe ake bugawa, tsakiya taurari ne. Ba na cewa ba a taɓa lalata na'ura a saka mata abin sata ba. Amma ɓarawon kasuwa ba ya wahalar da kansa haka, tunda ido ya ishe shi.

Ki tsaya gindin lemar mai POS a kasuwar Muda Lawal da la'asar, ki kalli yadda ake yi. Mutane sun yi cincirindo, kafaɗa na gugar kafaɗa. Dattijo ya miƙa kati daga nesa, yaron ya cusa, ya danna kuɗi, ya ɗago na'urar sama don neman sabis. Sai ka ji ya ce, “Baba, sa lambarka.” Baba ya laluba aljihu bai zo da tabarau ba, sai ya ce, “Kai danna mini kawai,” ya faɗi lambar da ƙarfi, mutum shida suna ji. Wata ta aiko yaro da kati an naɗe shi a takarda, lambar tana rubuce a jikin takardar. Wani ya danna da kansa, amma na'urar tana shimfiɗe a tebur, yatsansa ɗaya yana tafiya a hankali, duk mai ido ya karanta. A irin wannan wurin lamba ke fita, ba tare da an taɓa wata na'ura ba. Ragowar dabarun sanannu ne: a karɓi katinki a juya baya a ɗauki hotonsa gaba da baya, ko a musanya miki shi da mataccen kati mai kama da shi, musamman a bakin ATM inda ake samun masu “bari in taimaka miki”, ko a ƙara sifili a kan kuɗin ki danna lamba ba ki duba ba. Maganinsu guda ne. Kati kada ya bar idonki, ki karanta adadin kuɗin kafin ki danna, ki rufe madannin da ɗaya hannun ko da gefen mayafi, in an maido miki kati ki duba sunanki.

To yanzu ga aibun lamba ɗaya. A ce wani ya ga lambarki a wurin biya. In lambar ta kati ce kaɗai, bai samu komai ba tukuna, sai ya haɗa da katin kansa, kuma da zarar kin ga ba kati za ki sa a rufe shi. Amma ke lambar ita ce makullin waya, ita ce kuma ta tura kuɗi. Ba ya ma bukatar katin. Wayar yake bukata, ita kuwa a hannu take yawo, a keke, a gidan biki, a kan teburin shago lokacin da kike auna yadi. In ta shiga hannunsa zai buɗe ta da lambar da ya gani. Saƙonnin alat za su gaya masa bankinki da abin da ya rage a ciki. Ya danna lambar tura kuɗi ta bankin, irin waɗannan masu tauraro a farko, a nemi lambar sirri, ya sa wadda dai ya gani. Idan banki ya turo OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da yake aikowa ta saƙo, don ya tabbatar ke ce, a hannunsa zai sauka. BVN ɗinki ma daga layin ake iya kiranta ta fito, kuma da BVN da layi ana iya cin bashi a manhajojin lamuni da sunanki. Duk wannan kafin ki gama bin keken da kika sauka ki tambaya ko wayar ta faɗi a ciki.

Matakan tsaron da banki ya jera, kati daban, lambar sirri daban, OTP daban, an gina su ne bisa zaton cewa kowanne yana hannu daban, wanda ya samu ɗaya bai samu sauran ba. Lamba ɗaya tana mayar da su mataki guda.

Kin ce ba wanda ya san ta. Zan yi miki tambaya, ba sai kin amsa a fili ba: shekarar haihuwarki ce, ko ta ɗan fari, ko ƙarshen lambar wayarki? Lambobi huɗu suna ba da haɗi 10,000, kati kuma yakan kulle bayan kuskure uku, don haka a lissafi ɓarawo ba shi da rabo. Sai dai mutane ba sa zaɓa daga 10,000 ɗin. A 2012 wani mai nazarin alƙaluma, Nick Berry, ya bincika lambobin sirri masu guda huɗu kimanin miliyan 3.4 da suka fallasa a intanet, ya tarar kusan kashi 11 cikin 100 duk 1234 ne. A shekarar dai masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ƙiyasta cewa ɓarawon da ke gwada ranar haihuwa zai dace sau ɗaya a cikin kowace jakar kuɗi 11 zuwa 18 da ya sata, saboda katin shaida yana cikin jakar tare da katin banki. Mu ma haka muke yi: takardar NIN da katin zaɓe da katin ATM duk a jaka ɗaya.

Wannan na lambobi huɗu ke nan. Kalmar sirri, wato ta imel da Facebook da manhajar banki, matsalarta ta fi nisa, domin ita ba sai ɓarawo ya zo Bauchi ba. Kowane shafi da kika yi rajista a cikinsa yana ajiye da imel ɗinki da kalmar sirrinki a wani rumbu. Wasu suna tsare rumbun da kyau, wasu ko oho. Ranar da aka fasa ɗaya, ana kwashe jerin a sayar, masu saye kuma su zuba shi a manhajar da ke gwada kowane imel da kalmarsa a ɗaruruwan shafuka ba dare ba rana. Ba ke suke nema ba, ba su ma san ki ba. Duk inda ya buɗe, riba ce.

A 2012 aka fasa LinkedIn, shafin zumunta na ma'aikata da masu neman aiki. Da farko an ɗauka kalmomin sirri miliyan 6.5 ne suka fita, sai a 2016 aka ga ana tallan na mutum miliyan 117. Wani ma'aikacin Dropbox, kamfanin da ke ajiye wa mutane takardu da hotuna a intanet, ya yi amfani da kalma ɗaya a LinkedIn da wurin aikinsa, ta nan aka shiga aka kwashi bayanan asusu miliyan 68. A 2016 ɗin aka shiga shafukan Mark Zuckerberg na Twitter da Pinterest, mai Facebook da kansa, masu kutsen kuma suka ce daga jerin LinkedIn suka tsinci kalmarsa. A Janairun 2019 wani tarin irin waɗannan jeri ya bayyana mai ɗauke da imel miliyan 773. Akwai shafin da wani masanin tsaro ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe tun 2013, sunansa Have I Been Pwned. Ana rubuta imel a ciki ya nuna ko ya taɓa fita a wata fasa. Ki sa yaron ya duba miki naki. Imel kawai ake sawa.

Namu na gida ya fi wannan sauƙin faɗawa. Yawancin mutanenmu ba su suka buɗe imel ɗinsu ba. Mai kafe ne ya buɗe lokacin cike JAMB ko neman aiki, ko mai sayar da waya ranar da aka saye ta, kuma don kada a manta sai ya sa lambar wayar mutum ta zama kalmar sirri. Shekara goma tana nan ba a taɓa ta ba, an kuma maimaita ta a Facebook da duk inda aka nema. Ga kuma fom ɗin tallafi da ke yawo a WhatsApp, wai gwamnati na raba jari, a cike suna da BVN a “ƙirƙiri kalmar sirri”. Wanda ya haɗa fom ɗin ya san sarai cewa kalmar da za ki ƙirƙira ita ce wadda kike amfani da ita ko'ina. Ita yake jira.

Imel ya fi komai muhimmanci a wannan lissafi, ko da ba kya buɗe shi. Duk shafin da aka danna “na manta kalmar sirri”, can yake aika hanyar sabuntawa. A can lambobin mutanenki suke, da hotunan da waya ke ajiyewa da kanta, har da hoton katin da kika taɓa ɗauka kika tura wa wani ya biya miki kuɗin makaranta. Lambar gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya sun isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet da ba sa neman OTP. A nan cif ba ya kare ki, tunda ba a cusa kati a ko'ina ba.

Sai ɓangaren shagonki, inda ke ce mai na'ura. POS ɗinki yana haɗe da asusu da manhaja, kuma cinikin yini a can yake taruwa. Yaran shago nawa ne suka san lambar da ake fitar da kuɗi daga ciki? In ita ce dai lambar nan taki ta ko'ina, to duk yaron da kika taɓa cewa “tura wa mai kawo kaya dubu hamsin” yana riƙe da lambar katinki da ta wayarki. Ban ce yaranki ɓarayi ba ne. Amma yaro yana da abokai, yana barin aiki, wani lokaci da fushi. Karɓar kuɗi a POS ba ya bukatar lambar mai shago, don haka ki bar musu karɓa, fitarwa ta zama taki. Ranar da yaro ya bar shago, ko lafiya aka rabu, a canza lamba a ranar. Kuma duk wanda ya kira ya ce daga kamfanin POS ko daga banki yake, za a sabunta miki na'ura ko BVN, ki karanto masa lambar da aka turo, ki kashe wayar. Ma'aikacin gaskiya ba ya neman lambar sirri ko OTP, domin aikinsa ba ya bukatarsu.

Na san abin da za ki ce: kai, wa zai riƙe lambobi goma? Ba goma ba ne. Lambar kati, makullin waya, lambar tura kuɗi, lambar sirrin kulle sim, sai kalmar imel. In waɗannan suka bambanta da juna kin toshe mafi yawan ɓarnar. Makullin waya ki mai da shi lambobi shida ki haɗa da zanen yatsa, don ki daina danna shi a gaban jama'a. Kalmar imel ki yi ta da tsawo: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi guntuwar kalma mai alamomi wuyar fasawa, sun kuma fi daɗin tunawa. Ban da sunan 'ya'ya, ban da Bismillah da makamantansu, kowa su yake fara sawa. Sauran shafuka ki bar wayar ta ƙirƙira ta adana miki, Google da iPhone duk suna da wannan. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp, wato a nemi wata shaida ta biyu kafin a bar mutum ya shiga.

Zan faɗi abin da wasu abokan aikina ba sa so a faɗa: ki rubuta su. Ɗan littafi a cikin akwatin da kike ajiye sarƙoƙinki a gida ya fi lamba ɗaya a ka aminci nesa ba kusa ba. Mai kutse daga wata ƙasa ba zai buɗe akwatinki ba, mai fizgen waya ma haka. Abin da ba a yi shi ne rubutawa a bayan kati, ko a takarda cikin jaka, ko a ajiye a waya da sunan “lambar banki”. Kuma ba sai kin riƙa canzawa duk wata ba. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta janye wannan shawarar tun 2017, saboda an ga tana sa mutane su riƙa ƙara 1 da 2 a bayan tsohuwar kalma. A canza idan an yi zargin ta fita.

Lambar sim ita mutane suka fi mantawa, ga ta da amfani. In ba ki sa ta ba, ɓarawo ba ruwansa da makullin wayarki: zai zare sim ya sa a ƙaramar waya, alat da OTP su ci gaba da zuwa masa. In kin sa, sim ɗin ba zai tashi a wata wayar ba sai da ita. A yi hattara wurin sawa, don kuskure uku yana kulle layin sai an kawo lambar buɗe shi, PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Ki nemo ta tukuna, ko ki je ofishin kamfanin layin a yi a gabansu. Haka kuma in layinki ya ɗauke ɗif alhali na kowa yana aiki, kada ki ce sabis ne ki kwanta. Mai yiwuwa wani ya je ya yi walkam bak da sunanki, wato ya karɓi sabon sim na layinki.

Komawa tsabar kuɗi gudun gara ne a faɗa gidan zago, ke da kike ɗaukar kuɗin saro kaya zuwa Kano. Abin da ya fi shi ne ki raba asusu. Jarinki ya zauna a asusun da ba ya yawo da kati, ki buɗe wani ƙarami na cefane da aike, kina zuba masa abin da za a kashe. Wannan katin shi za ki ba yaro in ta kama. Yawancin manhajojin banki suna barin ki rage iyakar abin da za a iya cira a rana, ki kuma kashe sayayyar intanet a kati sai ranar da kike bukata. In katinki na ɗorawa ne, wanda ake biya da shi ba tare da cusawa ba, Babban Bankin Najeriya ya sa masa iyaka a 2023: naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a yini, abin da ya haura sai da tabbatarwa. Alat kuma kada ki kashe shi don 'yan nairorin da ake cira.

Wani abu da ake yawan ɗauka sata ne alhali ba ita ba ce: POS ya ce ciniki bai yi ba, amma an cire kuɗi. Yawanci saƙo ne ya yanke a hanya tsakanin bankuna. Ki karɓi rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, ki ajiye. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan cikin awa 72.

In kuwa waya ko kati ya ɓace, asusu ake fara rufewa, kafin layi, kafin ofishin 'yan sanda. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a dakatar da asusu nan take. Ki tambayi bankinki tasu tun yanzu, ki rubuta a littafin nan, ki ba yaron ma ya riƙe, don ranar da abin ya faru ba za ki samu natsuwar nema ba. Daga nan a rufe layi, sannan ki je banki ki shigar da koke a rubuce, ki karɓi lambar koken. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kina da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, kuma lambar koken nan za su fara tambaya. Sai dai ki sani, in bincike ya nuna da lambar sirrinki daidai aka fitar da kuɗin, banki yakan tsaya a kan cewa ke kika ba da izini, kuma dawo da kuɗi a irin wannan hali yana da wuya ƙwarai, musamman in an riga an rarraba su zuwa wasu asusun an cire.

In za ki zauna da yaron yau da dare, ku fara da lambar tura kuɗi da makullin waya, su ne ake iya canzawa daga ɗaki. Sai imel. Lambar kati a ATM ake canza ta, ki biya ta can gobe kafin ki buɗe shago, kuma ke za ki danna sabuwar da hannunki, shi ya tsaya daga baya.